Shekara huɗu ina shan maganin sanyi, ƙaiƙayin bai tafi ba

Assalamu alaikum Hajiya. Na daɗe ina son rubuto miki, kunya ke hana ni. Shekaruna 46, 'ya'yana shida, ina koyarwa a makarantar firamare. Yau shekara huɗu ke nan ina fama da ƙaiƙayin gaba. Ya fi tsanani da dare, sai na sosa har na ji wa kaina ciwo. Ba wani ruwa da ke fita, ba wari. Duk kemis ɗin da na je sai a ce sanyi ne. Na sha ƙwayoyi, na yi matsi, an yi mini allurai, na sha na gargajiya, na yi tsarki da bagaruwa da ruwan Dettol. In ya lafa kwana biyu sai ya dawo. Watannin baya na sa madubi na duba, sai na ga wurin ya yi fari kamar an shafa alli, har zuwa wajen dubura, fatar kuma tana tsattsagewa. Kwanciyar aure ta zame mini azaba, wani lokaci har da jini. Maigidana gani yake gudunsa nake yi. Ni kuma zuciyata tana raya mini amaryarsa ce ta kawo mana cutar, don bayan zuwanta abin ya fara, yanzu ko gaisuwar kirki ba ma yi. Wata aminiyar mahaifiyata ta ce gishiri ne, a kira wanzami. Hajiya, kuturta ce ko kansa? Ban taɓa bari wani ya duba ni ba. Don Allah a sakaya sunana.

Wata 'yar'uwarku

Wa'alaikumus salam Malama. Sannu, Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne.

Cikin duk abin da kika rubuta, layin kusa da ƙarshe ne ya tsaya mini a rai: ba wanda ya taɓa dubawa. Shekara huɗu ana ba ki magani ta saman kantar kemis, kina biya, kina haɗiya, alhali wurin da ake yi wa maganin ba idon da ya gan shi sai naki, shi ma a madubi. Ban faɗi haka don in ɗora miki laifi ba. Haka aka tarbiyyantar da mu, wurin ma ba mu da sunan da za mu kira shi da shi a gaban mutane sai dai mu ce "gaba" ko "ƙasa", mu sunkuyar da kai. Amma daga nan matsalar taki ta samo tsawon rai.

Wurin da muke haɗawa mu kira gaba wuri biyu ne. Akwai na ciki, hanyar da jinin haila da ɗa ke bi. Akwai na waje, wato manyan leɓɓa da ƙanana da ɗan tsaka da bakin ƙofar da 'yar fatar da ke tsakaninta da dubura. Na wajen nan fata ce, 'yar'uwar fatar hannunki da fuskarki, sai dai ta fi su laushi, kullum tana rufe, tana cikin zafi da gumi da danshi. Duk ciwon da ke kama fata yana iya kama ta. Ke kuwa magungunan da aka yi ta ba ki, na matsi da na sha, na kashe ƙwayoyin cutar da ke can ciki ne. Ana ta kwara ruwa a uwar ɗaki, wutar tana zaure.

Kalmar "sanyi" ta zame mana babban kwando, kowa ya kawo ciwonsa ya jefa. Abin da akasari ake nufi da ita abu uku ne. Na farko kandida, mai sa ƙaiƙayi da farin abu mai kauri kamar kindirmon da ya tsinke. Kusan mata uku cikin huɗu za su gamu da ita ko sau ɗaya a rayuwa, ta fi damun masu ciki da masu ciwon suga da waɗanda suka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta da yawa. Na biyu rikicewar ƙwayoyin da ke zaune a ciki tun asali, mai kawo ruwa tsinkakke mai ƙarni kamar na kifi, sau da yawa ba ƙaiƙayi. Na uku wanda ake ɗauka ta saduwa, ruwansa ɗorawa-ɗorawa ko kore-kore mai kumfa, shi ne dole a yi wa miji da duk matansa magani lokaci guda. Dukkansu ukun in an dace da maganinsu, cikin mako guda mace za ta ji bambanci. Ke ba ruwa, ba wari, ga shekara huɗu, ga fata ta sake launi. Wannan ya fita daga kwandon.

Abin da kika siffanta ya yi kama ƙwarai da wani ciwon fata da likitoci ke kira laiken sikilerosas. Ki rubuta sunan a takarda, zai yi miki amfani a asibiti. Alamominsa kusan kamar kin kwafo su ne: ƙaiƙayi mai hana barci, fata ta yi fari ta yi siriri ta yamutse kamar takardar da aka dunƙule aka buɗe, farin ya kewaye gaba ya zarce ya kewaye dubura kamar lamba 8, ga tsagewa a bakin ƙofa ta ƙasa duk lokacin saduwa, wani lokaci har wajen bayan gida mai tauri. Ba ya shiga ciki, a waje yake tsayawa, shi ya sa ba a ganin ruwa. Yana iya kama mace a kowane shekaru, amma ya fi yawa a wajen waɗanda haila ke shirin ɗauke musu da waɗanda ta ɗauke, sai kuma ƙananan yara mata da ba su balaga ba. Abin da masana suka fi karkata a kai shi ne garkuwar jiki ce ke juyowa tana faɗa da fatar wurin, kuma akan same shi tare da wasu cututtukan irin wannan, kamar na tayirod, ƙwayar nan ta maƙogwaro. Ba ƙazanta ke kawo shi ba. Ba a ɗaukarsa a masai, ko a buta, ko a shimfiɗa.

Ki sake karanta wannan na ƙarshen, don amaryarku nake nufi. In dai wannan ciwon ne, ba ta kawo miki ba, maigida bai ɗebo daga ɗakinta ya kawo naki ba, ke ma ba za ki shafa wa kowa ba. Ta shigo gidan kina da shekara 42, lokacin da jikinki da ma ya doshi shekarun da ciwon ke ɓullowa. Haɗuwar lokaci ce. Na san zaman kishi ba ya rasa abin faɗa, ki nemi wani in kina so, amma wannan ki sauke mata shi.

Sai tambayarki guda biyu. Tabon kuturta ba ya ƙaiƙayi, alamarsa ma ita ce wurin ya mutu, a taɓa ba ki ji ba. Naki kuwa ji ya yi masa yawa. Albaras ma yana sa fari, kuma a fata irin tamu baƙa yana saurin rikita mai kallo, amma shi launi kawai yake ɗaukewa, fatar tana nan da santsinta, ba ta ƙaiƙayi, ba ta tsagewa.

Batun kansa ba zan yi miki kwana-kwana ba. Shi kansa wannan ciwo ba kansa ba ne. Amma fatar da ta shekara da shekaru tana kumbure ba magani tana iya rikiɗewa, a wajen mata ƙasa da 5 cikin 100 masu ɗauke da shi. Juya lissafin ki gani: fiye da 95 ba sa kai wa nan, kuma yin magani yadda ya kamata yana ƙara rage haɗarin. Abubuwan da ba a kwana da su su ne ƙullutu mai tauri, ko miki da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, ko wuri guda da ya yi kauri ya bambanta da sauran, ko jini ba dalili. Wadda ta ga ɗaya daga cikinsu, asibiti a makon nan.

Abin da ya fi sa ni matsa miki ki yi sauri ma wani ne daban, wanda ya fi cutar kansa yawan faruwa nesa ba kusa ba, wato tabo. In aka bar ciwon yana ci, ƙananan leɓɓan sukan shafe su manne da manyan, fata ta rufe ɗan tsaka, ƙofar ta tsuke, har wata fitsari ma ya riƙa fita da ƙyar. Magani yana tsayar da wannan, amma abin da ya riga ya shafe ba ya dawowa. Na ga matan da suka zo bayan shekara goma, kowace da jaka cike da kwalayen maganin sanyi. Shekara huɗu ba kaɗan ba ce, amma kin zo da sauran dama.

Maganin zai ba ki mamaki saboda sauƙinsa. Man shafawa ne mai ƙarfi, kilobetasol, wanda aka fi sani da Dermovate. Tsarin da likitocin fata suka fi bi shi ne a shafa ɗan kaɗan, kamar ƙwayar wake, a kan farin wurin kawai, sau ɗaya kullum da dare har wata guda. Wata na biyu a shafa yau a tsallake gobe. Wata na uku sau biyu a mako. Kwali mai giram 30 ya kamata ya kai ki wata ukun nan. Yawancin mata cikin makonni kaɗan suke samun barcin da suka manta daɗinsa, tsagewar ta haɗe. Farin ba lallai ya koma baƙi gaba ɗaya ba, kada hakan ya sa ki ce bai yi aiki ba. Bayan wata ukun, da yawa sukan ci gaba da shafawa sau ɗaya ko biyu a mako, domin ciwo ne da ake riƙe wa linzami, kamar hawan jini, ba wanda ake korewa sau ɗaya a huta ba.

Na san abin da wata mai karatu za ta ce: ai wannan man bilicin ne, mai cinye fata. Gaskiya ne 'yan mata sun mai da shi man canza launi, suna lafta wa fuska da jiki shekara da shekaru har fatarsu ta lalace. Wannan ɓarna ce. Amma a wannan ciwon, kumburin ne ke cinye fatar, man kuma shi ke kashe kumburin. Na fi ganin matan da suka cutu don tsoron man ya sa sun daina bayan kwana biyar, a kan waɗanda yawansa ya cutar.

Duk da haka, ina roƙonki kada ki karanta wannan ki aika yaro kemis. Dalilina biyu ne. Man yana ɓoye kamannin ciwo, likita ya duba bai ga abin da ya kamata ya gani ba. Sannan in abin da ke wurin makero ne, ko kandida, ko miki mai neman gwaji, shafa shi kai tsaye ƙara wa wuta mai ne. Ina ma zargin lafawar kwana biyun da kike samu daga irin man nan mai haɗi uku take, wanda ake sayarwa a kowane lungu da sunan maganin ƙuraje. A cikinsa akwai ɗan'uwan wannan maganin, shi ke kwantar da ƙaiƙayin na ɗan lokaci, sauran haɗin kuma suna iya ƙara fusata fatar.

Akwai wasu abubuwan da likita zai auna a ransa idan ya duba, kuma ba mamaki a samu biyu a haɗe. Wanda na fi gani shi ne fatar da tsabta ta yi wa yawa. Mace ta fara jin ƙaiƙayi, ta ɗauka datti ne, ta ƙara sabulu, ta zuba Dettol a buta, ta dafa bagaruwa, wata har alif da kanwa da lemun tsami, ga turaren tsuguno, ga miski kullum, ga audugar mata mai ƙamshi. Fatar ta bushe ta fusata, ƙaiƙayi ya ƙaru, a ƙara wanki. Susar kanta tana sa fata ta yi kauri kamar ƙirgi, kaurin kuma ya ƙara ƙaiƙayi, a yi ta zagaye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ta waɗannan tsagogin ne ƙwayoyin cuta na gaske ke samun hanya daga baya. A shekarunki kuma akwai bushewar da raguwar sinadarin istirojin ke kawowa idan haila ta kusa tsayawa, mai sa zafin saduwa da raɗaɗin fitsari, wanda ake yi wa magani da man istirojin na shafawa. Sannan duk macen da ƙaiƙayin gaba ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a wajenta, a auna mata suga. Mata da dama ta nan aka fara gano nasu ciwon sugan. Akwai kuma ɗan'uwan ciwon da na ambata, laiken filanas, shi yakan sa jan miki mai zafi, ya shiga har ciki, ya kuma taɓa baki da dasashi. In kina da gyambon baki da ke yawan dawowa, ki faɗa.

Tun da na san ba ke kaɗai ke karantawa ba, bari in ɗan leƙa wajen sauran. Wadda ta ji kumburi kamar ƙwai a gefe ɗaya na bakin ƙofa ta ƙasa, har zama ya gagara, yawanci wata 'yar jakar ruwa ce ta toshe ta yi ruwa. A asibiti ake buɗe ta, ba a matse ta kamar maruru, in kuma mai ita ta haura 40 a nemi a gwada. Ƙananan ƙuraje masu ruwa da ke fashewa su bar miki mai zogi, su tafi su dawo, wannan ana ɗaukarsa ta saduwa, kuma akwai ƙwayoyin da ke rage masa ƙarfi in an fara da wuri. Tsiro masu kama da kan farin kabeji ƙwayar cutar HPV ce ke kawo su. Wasu jinsunan wannan ƙwayar ne ke jawo kansar bakin mahaifa, kuma tun watan Oktoban 2023 Najeriya ta shigar da rigakafinta cikin alluran da ake yi kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Malama, in kina da 'ya a wannan tsakanin, ga ɗalibanki kuma, kin san abin da za ki gaya wa iyayensu. Matan da suka tashi a bakin rafi ko madatsar ruwa ko gonakin noman rani, su tuna da tsargiya. Mun saba ganinta a fitsarin jinin yara maza, amma ƙwanta yana maƙalewa a al'aurar mace ya kawo ƙaiƙayi da ruwa da jini bayan saduwa, a yi ta zargin miji a banza, alhali maganinta ƙwayar furazikwantel ce da ake rabawa a makarantu. Akwai kuma matan da wurin ke yi musu zafi kamar an zuba barkono wata da watanni, a duba ba a ga komai ba. Su ma ba ƙarya suke yi ba, ba kuma aljanu ba ne. Jijiyoyin wurin ne suka yi saurin jin zafi, kuma yana da nasa magani.

Na ce ciwon yana kama ƙananan yara. Yarinya 'yar shekara biyar ko bakwai mai yawan susa, mai kuka in za ta yi bayan gida har ta riƙa riƙewa, a duba mata da ido kafin a yi mata tsawa. Sau da yawa tsutsar dubura ce ko sabulu, amma wani lokaci wannan farin ne.

Yanzu maganar wanzami. Aminiyar Mama da kyakkyawar niyya ta faɗa, haka ta taras ana yi. Ki yi mata godiya, amma kada aska ta kusanci jikinki. Babu wani gishiri da ke tsirowa a wurin da za a yanke. Yankan nan a bangon gaba na farji ake yinsa, mafitsara kuwa tana nan manne a bayansa, kaurin da ke tsakaninsu bai taka kara ya karya ba. Cikin matan da ake yi wa aikin yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina da sauran cibiyoyi irinta, akwai waɗanda ba doguwar naƙuda ce ta kai su ba, wannan yankan ne. Ga zubar jini, ga cutar da askar da ba a dafa ba ke ɗauke da ita. Ƙari a kan haka, ciwon da nake zargi yana son tabo, inda duk aka ji wa fata rauni nan yake bi ya yaɗu. Garin neman gira za a rasa ido.

Daga daren yau ga abin da za ki iya yi da kanki, ko ma wane ne daga cikin cututtukan nan. Ki ajiye komai: sabulu, Dettol, bagaruwa, turare, matsi, duka. Ruwa zalla, mai ɗumi kaɗan ko na randa, da tafin hannu, ba soso. Tsarkin da muke yi da ruwa alheri ne ga wannan fata, matsalar ita ce tashi da jiƙaƙƙen kamfai a yini da shi. Ki ware wani tsumma mai laushi ki riƙa dannawa a hankali ya tsotse ruwan, ban da gogewa. Sai ki shafa farin basilin wanda ba turare a cikinsa, har kafin ki yi fitsari in akwai tsagewa, zai kare ki daga raɗaɗin. Kamfai na auduga, mai sakewa, a ɗauraye shi sosai kada garin sabulu ya saura. Da dare ki kwana da zani kawai. Matsattsen wandon roban nan da ake sawa ƙarƙashin zani ki huta da shi. Ki yanke farce. In ƙaiƙayin ya taso cikin dare, ki jiƙa tsumma da ruwan sanyi ki dafa a wurin maimakon susa. Miskin da ake bi da shi bayan wankan haila kuma, ki tambayi malamarku ta Islamiyya hukuncin mai rauni a wurin, za ki ji addini bai ce ki cutar da kanki ba.

Sai zuwa asibiti, wanda shi ne ainihin shawarar tawa. Ki nemi ɓangaren mata ko na fata a babban asibiti. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da duka biyun, kuma babban asibitin garinku zai iya ba ki takardar turawa. Kina da damar ki ce mace kike so ta duba ki. In ba a samu ba, ki ce nas mace ta tsaya a ɗakin, wannan haƙƙinki ne, malamai kuma sun yi bayanin larura. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Madina da cewa kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shafi addininsu ba, tambayoyin nan kuwa na haila ne da wanka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga inda mata ke faɗuwa: a shiga gaban likita, layi ya yi tsawo a waje, kunya ta taso, sai a ce "sanyi ke damuna." Shi kuma ya rubuta maganin sanyi, a fito. Kada kalmar nan ta fito daga bakinki. Ki ce: "Shekara huɗu ina ƙaiƙayi a waje, ba ruwa, fatar ta yi fari tana tsagewa, maganin sanyi bai yi ba, ina so a duba da ido." In bakinki ba zai iya ba, ki rubuta a takarda ki miƙa, ke malama ce. Wataƙila a ce za a ɗauki 'yar fata kamar ƙwayar shinkafa a kai ɗakin gwaji. Ana kashe wurin da allura tukuna, mintoci kaɗan ne, kuma neman gwajin ba ya nufin an ga mugun abu. Bayan an fara magani za a so ki dawo a wata na uku, daga baya a riƙa dubawa ko sau ɗaya a shekara. Madubin nan naki kuma kada ki jefar, sau ɗaya a wata ki riƙa dubawa da kanki.

Na bar maganar maigida a ƙarshe don ita ta fi nauyi. Ki dubi abin ta wajensa: ya yi amarya, uwargida ta fara juya masa baya a shimfiɗa, ba ta ce masa komai ba. Me zai fassara? Kishi. Ke kuma kina kwance kina cije leɓe, kina ganin ya san yana ji miki ciwo bai damu ba. Shekara huɗu kowa yana hukunta ɗan'uwansa a kan abin da ba a taɓa furtawa ba. Na sha ganin auren da ya kai bakin saki a kan irin wannan, a je gaban manya a yi ta kewaye-kewaye, ana maganar cefane da rabon kwana, ainihin abin ba mai iya faɗa. Ban da rashin barcin da ke sa mace ta zama mai saurin fushi, ta tsaya gaban allo hankalinta na wani wuri, ta daina zuwa biki don zama a kujerar roba awa uku azaba ne, ta tsaya salla tana fama da jikinta. Duk wannan ciwon ne, ba halinki ba ne ya canza.

Ki zaɓi lokacin da ba na shimfiɗa ba, da rana, yara ba sa nan. Ba sai kin yi dogon bayani ba. "Malam, akwai larurar da na ɓoye maka shekara huɗu saboda kunya. Fatar gabana ce ke tsagewa, shi ya sa kake ganin ina janyewa. Ba ƙinka nake yi ba. Ina so ka kai ni asibiti." In da hali ya shiga wurin likitan tare da ke, maza da yawa sai sun ji daga bakin mai farar riga suke yarda, kuma a nan zai ji da kunnensa cewa ba a ɗauka. Ki nemi ya ɗaga miki ƙafa har tsagewar ta warke, domin duk saduwar da aka yi a kan rauni tana sake buɗe shi, jiki kuma ya koyi ɗaurewa tun kafin a taɓa shi, wannan ɗaurewar ta zama ciwo na biyu. Idan an warke aka dawo, a dawo a hankali, da man santsi na kemis wanda aka yi don haka. Kayan matsi kuwa, ko kyauta aka ba ki ki mayar, ƙofar da ciwo ke neman tsukewa ba ta bukatar taimako.

Amarya kuma, ba na ce ki zaunar da ita ki ba ta labarin jikinki ba. Gobe da safe in kun haɗu a tsakar gida, ki riga ta gaisuwa.

Ranar da za ki asibiti kada ki shafa komai tun daga daren, ki zaɓi lokacin da ba kya haila, ki kuma zuba duk kwalayen magungunan da kika yi amfani da su a leda ki tafi da su, har na gargajiyar. In kin yi wata uku a kan magani ki sake rubuto mini, ina so in ji ko kin fara barci.